Sigar gwaji daga reshen da ba a gama ba: semantic-release, Changesets ko pkg.pr.new?

Wata Laraba da yamma abokin aikina ya turo mini saƙo: "Malam, gyaran nan na lissafin kwanan wata da ka ce ka yi, yaushe zai iso gare ni? Shafin biyan kuɗi shi kaɗai yake jira." Gyaran kuwa yana zaune a wani reshe na Git, tsarin da ke adana tarihin canje-canjen lambar manhaja. Ya yi aiki a kwamfutata, amma ba wanda ya duba shi, ba a kuma haɗe shi da babban reshe ba. Shi dai so yake ya girka ƙunshin, wato lambar tawa da aka ɗaure wuri ɗaya don a yi amfani da ita, a manhajarsa ya gani da idonsa. A lokacin dabararmu ita ce in buga `npm pack`, in tura masa fayil ɗin da ya fito. Kafin Juma'a yana da fayil biyar, sunansu ɗaya, lambarsu ɗaya. Ya shafe rabin yini yana farautar matsalar da na riga na gyara, don na uku ya girka, ba na biyar ba.

Daga ranar na ƙudurta cewa inji ne zai riƙa wannan aiki: duk lokacin da aka tura sabon komit, wato canjin da aka adana a Git, zuwa reshen aiki, sigar gwaji ta fito da kanta, da lambar da ba za a rikita ta da wata ba. A duniyar JavaScript hanyoyi uku ne suka fi shahara, kuma duk na taɓa su. Sai dai kafin a kwatanta su akwai tambayar da ta fi sunan kowane kayan aiki muhimmanci: wa zai girka wannan siga, kuma har tsawon wane lokaci ake son ta rayu? Sigar da mutum ɗaya zai gwada na kwana biyu daban take da beta ɗin da mutum ɗari za su zauna a kai wata uku. Galibin wahalar da na gani ta samo asali ne daga ɗaukar kayan aikin na biyu a yi aikin na farko da shi.

Halaye biyu na npm da ya kamata a sani tukuna

Na farko, wallafawa a rumbun npm, inda ake ajiye ƙunshin JavaScript don kowa ya girka, zarar bunu ce. Kana iya janye siga cikin awa 72 idan babu wani ƙunshi da ya dogara da ita, amma lambar ta ƙone ke nan, ba za ka sake amfani da ita ba har abada. An tsaurara dokar janyewa ne bayan rikicin left-pad na watan Maris 2016, lokacin da janye wani ɗan ƙaramin ƙunshi ya tsayar da ginin manhajoji masu ɗimbin yawa. Saboda haka duk sigar gwajin da injinka ya wallafa, ka ɗauka ta zauna daram a jerin sigogin ƙunshinka.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Ƙa'idar lambobin siga ta SemVer 2.0.0, wadda Tom Preston-Werner ya rubuta, ta ce duk abin da ya biyo bayan karan ɗori alamar sigar gwaji ce, kuma 2.4.0-beta.1 tana ƙasa da 2.4.0. Wanda ya rubuta `^2.3.0`, wato ya yarda da kowace siga daga 2.3.0 zuwa ƙasa da 3.0.0, ba zai taɓa samun sigar gwaji ba, wannan kariya ce mai kyau. Amma wanda ya girka sigar gwaji, npm zai rubuta masa `^2.4.0-gyara.1` a package.json, kuma daga nan ƙofa ta buɗe ga duk wata sigar gwaji ta 2.4.0 da ta fi tasa matsayi. Matsayin kuwa da jerin haruffa ake auna shi. Idan wani abokin aiki yana da reshe mai suna sabon-fom, sigarsa 2.4.0-sabon-fom.1 ta fi 2.4.0-gyara.9, don kawai harafin s yana bayan g. Ranar da mai gwaji ya buga `npm update`, ko ya goge fayil ɗin kulle, wanda ke riƙe ainihin sigogin da ya girka, ya sake girkawa, aikin wani reshe dabam zai faɗo masa ba tare da ko gargaɗi ba. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Akwai kuma batun laƙabi. Kowace siga da aka wallafa tana samun laƙabin `latest` sai in ka ba ta wani da `--tag`. An sha ganin beta ta haye `latest` ta wannan mantuwa, duk mai girkawa ya kwashe ta. Daga npm 11 umarnin `npm publish` yana ƙin wallafa sigar gwaji idan ba a faɗi laƙabi ba, amma injin da ke kan tsohon npm ba shi da wannan birki.

semantic-release: gwani ne, amma ga reshe mai zaman dindindin

Wannan kayan aiki yana karanta saƙonnin komit ne ya yanke lamba da kansa. Saƙon da ya fara da `fix:` yana ƙara lambar ƙarshe, `feat:` yana ƙara ta tsakiya, mai ɗauke da `BREAKING CHANGE` a ƙasansa kuma ta farko. Tun daga tsarinsa na asali ya san rassa biyu na gwaji, `beta` da `alpha`. Ka tura komit zuwa `beta`, sai ga 3.0.0-beta.1, ka sake turawa sai beta.2, kowacce da laƙabinta a npm, da tambarinta (tag) a Git, da bayanin abin da ya canza. Ranar da ka haɗe `beta` da babban reshe, 3.0.0 ta fito ba tare da ka taɓa komai ba. A wannan fage ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba, kuma ina faɗin haka ne da zuciya ɗaya.

Matsala tana farawa ne idan aka ce ya kula da kowane reshen aiki. Ana iya yi, don yana karɓar tsarin suna irin `aiki/*`. Amma dole ka rubuta masa yadda zai wanke sunan reshen, saboda SemVer ba ta yarda da karan tsaye na `/` a cikin lamba ba, kuma dole alamar kowane reshe ta sha bamban da ta sauran. Wannan ƙaramin abu ne. Babban shi ne cewa semantic-release yana gane inda aka kwana ne ta tambarin Git da ke cikin tarihin reshen. Reshen aiki kuwa ba ya zama wuri ɗaya: yau a sake jera tarihinsa da `git rebase`, gobe a matse komit biyar su zama ɗaya, a tura da ƙarfi. Da zarar an yi haka, tambarin da ya buga jiya ya fita daga tarihin reshen. Sai ya ɗauka bai taɓa fitar da komai ba, ya yi ƙoƙarin sake fitar da lamba ta 1, ya tarar an riga an yi amfani da ita, aikin ya faɗi. Mai reshen, wanda bai san komai game da tsarin sakin ba, sai ya zo yana tambaya me ya karya.

Ga kuma tarkon haruffan da na ambata, don duk rassan suna lissafa lamba ɗaya, 2.4.0, su bambanta a wutsiya kawai. Ga tarin tambura da ke taruwa a ma'ajiya bayan an goge rassan. Komit mai saƙo irin "wip" ko "gyara kaɗan" ba ya fitar da komai, alhali irin saƙon da mutane ke rubutawa ke nan a tsakiyar aiki. Sannan ba ya wallafa komai idan buƙatar haɗewa (pull request, wato neman a haɗe reshe da babban reshe) ce ta tayar da shi, da gangan aka gina shi haka. Idan ma'ajiyarka tana ɗauke da ƙunshi da yawa, sai ka nemi ƙarin kayan da wasu suka rubuta, don shi ƙunshi ɗaya ya sani.

Changesets: hanya biyu ce a gida ɗaya

Changesets, wanda ya samo asali daga aikin Atlassian, bai damu da saƙon komit ba. Mai gyara ne ke ajiye ɗan fayil a cikin `.changeset` yana faɗin wane ƙunshi ya taɓa, girman canjin, da bayani a harshen mutane. Ina son wannan hali nasa, domin bayanin da aka rubuta don mai amfani ya fi wanda aka tsamo daga komit daɗin karatu.

Mutane kan rikita hanyoyinsa biyu. Ta farko ita ce `changeset pre enter beta`, wadda ke ajiye fayil ɗin pre.json ta sa duk ma'ajiyar cikin yanayin gwaji har sai an buga `changeset pre exit`. Wannan takwarar reshen `beta` na semantic-release ce, ta doguwar tafiya. Masu kayan da kansu sun yi kashedi cewa tana da sarƙaƙiya, kuma idan ka shige ta a babban reshe ka toshe wa kanka fitar da gyaran gaggawa har sai ka fita. Ba ta dace da reshen kwana uku ba ko kaɗan.

Ta biyu, wato snapshot, ita ce wadda ta shafe mu. Injin yana buga `changeset version --snapshot gyara`, sannan `changeset publish --tag gyara --no-git-tag`. Abin da ke fitowa lamba ce irin 0.0.0-gyara- sai kwanan wata da lokaci a manne. Ba a mayar da canjin cikin Git, ba tambari, ba abin tunawa. Shi ya sa `git rebase` ba ya yi mata komai: ba ta dogara da jiya ba, kowane gudu sabo ne. Kuma tana kula da ma'ajiya mai ƙunshi da yawa yadda ya kamata. Idan gyaranka ya taɓa ƙunshi uku masu dogaro da juna, za su fito tare suna nuna juna.

Lambar 0.0.0 dabara ce mai kyau, don tana ƙasa da kowace siga ta gaske, ba kuma za ta faɗa wa wanda ke zaune a kan `^2.4.0-beta.1` ba. Amma tana da kuɗinta. Idan akwai wani ƙunshi da ya ce yana buƙatar naka a matsayin abokin zama, `^2.0.0` a cikin peerDependencies, to 0.0.0 ba ta cika sharaɗin ba. Daga npm 7 zuwa sama girkawar tana tsayawa da kuskuren ERESOLVE, sai mai gwaji ya koma ga `--legacy-peer-deps` ko `overrides`. Akwai zaɓin `useCalculatedVersion` da ke sa a yi amfani da lambar gaske maimakon sifili, sai dai shi kuma yana mayar da kai cikin tarkon haruffa. Ka zaɓi ciwon da za ka iya ɗauka. Ko da sifilin ma, `^0.0.0-gyara` yana iya kama sigar wani reshe, don haka a ko da yaushe a girka da `--save-exact`.

Abu biyu kuma. In reshen ba shi da fayil a `.changeset`, babu abin da zai fito, injin zai gama lafiya lau hannu rabbana. Sannan kowane gudu yana barin siga ta har abada a npm. Reshe goma, turawa goma a rana, cikin wata guda jerin sigoginka ya zama daji, kuma bayanan ƙunshin da kowane mai girkawa ke saukewa suna ƙara nauyi. Shi ya sa da yawa ba sa barin ta tashi a kowace turawa, sai mai kula da ma'ajiya ya danna maɓalli ko ya rubuta wata kalma a ƙarƙashin buƙatar haɗewa.

pkg.pr.new: kada ma a je npm

StackBlitz ne suka fito da wannan a 2024, kuma tunaninsa ya sha bamban: tunda sigar ta kwana biyu ce, me zai kai ta rumbun dindindin? Ka girka manhajarsu ta GitHub a ma'ajiyarka, ka ƙara layi ɗaya a GitHub Actions, injin GitHub mai gudanar da ayyuka da kansa, bayan an gama gini, `npx pkg-pr-new publish`. Sai a ajiye ƙunshin a wurinsu, a kuma rubuta adireshin a ƙarƙashin buƙatar haɗewar. Mai gwaji ya kwafa ya buga `npm i` da adireshin, wanda ke ƙarewa da lambar buƙatar ko ta komit. Manyan ayyuka irin su Vite suna amfani da shi.

Duba abin da ya kauce wa. Ba lambar da ta ƙone, ba laƙabin da za a manta, ba tarkon haruffa tunda adireshi ne ba zangon lambobi ba. Shi ma yana haɗa ƙunshin da ke ma'ajiya ɗaya su nuna juna. Amma babbar falalarsa a wurina ita ce ba ya buƙatar mabuɗin npm, wato sirrin da ke ba inji ikon wallafawa, ko kaɗan.

Nan ya kamata a tsaya a yi magana sosai, don nan ne ake asara ta gaske. Hanyoyin semantic-release da Changesets suna nufin reshen da ba a duba ba yana gudanar da umarni a wurin da ke da ikon wallafawa da sunanka. GitHub ba ya miƙa sirrin ma'ajiya ga buƙatar haɗewar da ta fito daga kwafin wani baƙo, kuma daidai ne. To mai son baƙi ma su samu sigar gwaji sai ya ji sha'awar komawa ga `pull_request_target`, wanda ke gudu da cikakken ikon ma'ajiya. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago. A watan Agustan 2025 ta irin wannan ƙofa aka shiga aikin Nx: wani tsarin aiki mai `pull_request_target` yana saka taken buƙatar haɗewa cikin umarni ba tare da tacewa ba, aka bi ta nan aka sace mabuɗin npm, aka wallafa sigogi masu satar sirrin duk wanda ya girka. Ƙwararrun mutane ne abin ya sama, ba 'yan koyo ba. Tun Yulin 2025 npm yana da tsarin amintaccen mai wallafawa, inda GitHub Actions ke karɓar izini na ɗan lokaci maimakon mabuɗin da ke kwance a ajiye. Wannan ya rage haɗarin sata ƙwarai, kuma duk mai wallafawa daga inji ya kamata ya koma kansa. Amma bai canza cewa duk wanda zai iya tayar da wannan aikin zai iya wallafawa ba. Da pkg.pr.new babu abin sata tun farko, baƙo ma yana samun sigarsa.

Yana da nasa raunin. Sai a GitHub yake aiki, mai GitLab ko rumbun cikin gida ba nasa ba ne. Ƙunshinka yana zaune a hannun wasu, don haka idan lambar kamfani ce ta sirri, ka fara tambayar masu hurumi. Ba wurin ajiyar dindindin ba ne, kada adireshinsa ya kwana a manhajar da jama'a ke amfani da ita. Lambar da ke cikin package.json kuma ba ta canzawa in ba ka nema ba, sai mai gwaji ya ce maka "2.3.1 nake kai" alhali reshenka yake gudanarwa. Kuma adireshin da ke ƙarewa da lambar buƙatar haɗewa abin da ke bayansa yana sauyawa da kowace turawa, fayil ɗin kulle kuwa yana riƙe da na jiya. Na komit ake bai wa mutum, shi ba ya motsi.

Me manya ke yi, kuma me zan ce ka yi

Yana da kyau a lura cewa manyan ayyukan da ke wallafa sigar gwaji a npm kullum, daga babban reshe suke yi, ba daga reshen kowa ba. TypeScript na fitar da ta kowane dare a ƙarƙashin laƙabin `next`, da kwanan wata a wutsiya bayan kalmar dev. React na da `canary` mai ɗauke da lambar komit da kwanan wata, ga kuma `experimental` wadda ke farawa da 0.0.0, dabarar nan dai ta Changesets. Layi ɗaya ne mai tafiya gaba, shi ya sa jerin lambobin ke da ma'ana.

Ga mai Python, hoton ya ɗan bambanta. setuptools-scm yana ƙirƙiro lamba daga Git, irin 1.2.1.dev3 da alamar tarawa da lambar komit a baya, amma PyPI, rumbun ƙunshin Python, ba ya karɓar wannan wutsiya ta bayan alamar tarawa. In ka cire ta, rassa biyu na iya fitar da dev3 ɗaya su yi karo. Sauƙin shi ne pip yana iya girkawa kai tsaye daga reshen Git, wanda ya wadatar ga ƙunshin da ba ya buƙatar gini mai nauyi.

Shawarata ga reshen aiki ita ce pkg.pr.new, muddin ma'ajiyar a GitHub take kuma ba abin ɓoyewa. Idan dole sigar ta fito daga rumbu, ko don rumbun kamfani ne, ko don wata manhaja za a ɗora a uwar garken gwaji ta zauna makonni, to hanyar snapshot ta Changesets, a tayar da ita da hannun mai kula da ma'ajiya, daga rassan cikin gida kawai. semantic-release kuwa a bar masa reshen `beta` guda ɗaya wanda ba a sake rubuta tarihinsa. Ba laifi ba ne a haɗa biyu: mu yanzu Changesets ke fitar da sigogin gaske, pkg.pr.new ke kula da rassa.

Akwai masu cewa duk wannan ya yi yawa, layi uku na rubutun hannu sun isa: `npm version` da lambar komit, sai `npm publish --tag`. Gaskiya ne, ga ƙunshi ɗaya a rumbun cikin gida yana aiki, na kuma yi shi. Abu ɗaya kawai zan roƙe ka. Kada ka sa gajeriyar lambar komit ita kaɗai bayan ɗigo, kamar 0.0.0-gwaji.0412345. SemVer ta haramta sashen da duk alƙaluma ne ya fara da sifili, kuma lambar komit mai harafi 7 tana faɗowa a haka kusan sau ɗaya cikin 270. Injin zai yi watanni yana aiki lafiya, rana ɗaya ya faɗi, a sake turawa ya tashi, ba wanda ya gane dalili. Ka sa harafi a gabanta, kamar yadda `git describe` ke sa g, ta zama gwaji.g0412345.